Kafin Kyamara Ta Iso, Mu Nemi A Buɗe Littafin Tara

'Yan'uwa, a watan Fabrairu na shekarar 2025 gwamnatin Jihar Legas ta ba da sanarwa cewa ta kafa kyamarori a wasu manyan titunanta domin kama masu karya dokar tuƙi. Wanda ya keta jar danja zai biya tarar naira 20,000, wanda ya wuce iyakar gudu kuma naira 50,000. Babu jami'in da zai ɗaga hannu, babu wanda zai buɗe ƙofar mota ya shiga ya zauna a gaba. Kyamara ce za ta ɗauki lambar mota, kwamfuta ta nemo mai ita, saƙon tara ya shigo wayarsa.

Mai karatu a Boyekai ko Wurno ko Rabah yana iya cewa, ina ruwan biri da gada? Mu da damuwarmu ita ce mu je gona mu dawo lafiya, me ya haɗa mu da fitilar titin Legas? Abin da ya haɗa mu yana da yawa. Albasa da tafarnuwa da shinkafar da muke nomawa a fadamar Rima a mota ake kai su Sakkwato da Kano da kasuwannin kudu, duk tarar da aka ci direba kuwa a kan buhu take saukowa. 'Ya'yanmu da suka tafi ci-rani, da yawansu babur da adaidaita sahu suke tuƙawa a manyan birane. Har wa yau, abin da Legas ta fara a harkar titi yakan hauro arewa. Ta kafa hukumar LASTMA a shekarar 2000, Kano ta kafa KAROTA a 2012, Kaduna tana da KASTLEA, maƙwabciyarmu Zamfara tana da ZAROTA. Ba abin mamaki ba ne in kyamara ma ta biyo wannan hanya. Tun ran gini, ran zane.

Mu faɗi matsayinmu tun da farko. Ba ma gaba da danja, ba ma gaba da kyamara, ba ma kuma goyon bayan direban da zai keta jar fitila ya bi ta kan yaro a bakin titi. Gidaje da yawa a cikinmu sun binne wanda hatsarin mota ya kashe. Kyamara ma tana da wani hali da ya kamata talaka ya so. Ba ta tambayar sunanka ko ƙabilarka ko addininka, ba ta karɓar na goro, ba ta kuma jin tsoron mai cewa ka san ko ni wane ne. Hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta fitar da wani bincike a 2005 wanda ya nuna cewa a mahaɗun da aka sa kyamara, karon da mota ke dukan wata a gefe ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake karon da ake dukan mota ta baya ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100, domin direbobi suna taka birki da gaggawa. Karon gefe shi ya fi kisa. Saboda haka kyamarar da aka sa a inda ya dace tana iya ceton rai.

Abin tsoron a wani wuri yake. An ƙago tara ne domin mai laifi ya ji zafi ya daina. In ta yi aikinta, masu laifi za su ragu, kuɗin da ke shigowa ma su ragu, wannan kuwa shi ne nasara. Amma ranar da gwamnati ta rubuta a kasafin kuɗinta cewa bana tana sa ran miliyan kaza daga tara, ta ɗora albashi da ayyuka a kan wannan lissafi, to ta zama mai fatan kada laifi ya ƙare. In direbobi suka shiryu, sai a ga giɓi a asusu, sai a nemi yadda za a cike shi. In kuma akwai kamfanin da rabonsa ke ƙaruwa bisa yawan kyamarori ko yawan tara, masu wannan fata sun zama biyu. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Wannan ba zato ba ne, gama ya faru a ƙasar da ta fi mu kuɗi da ilimi da kotuna. Birnin Shikago a Amurka ya fara kafa kyamarorin danja a 2003, ya ba wani kamfani mai suna Redflex, wanda a lokacin uwarsa take Ostireliya, kwangilar aikin. Cikin 'yan shekaru kyamarorin suka kai ɗaruruwa, tarar kowane laifi ta kai dala 100, kuɗin da birnin ya tara suka kai ɗaruruwan miliyoyin daloli. Duk tsawon lokacin nan hukuma magana ɗaya take yi, wato domin tsaron rai ne. A 2012 jaridar Chicago Tribune ta fara bankaɗo alaƙar da ke tsakanin kamfanin da John Bills, babban jami'in sufuri na birnin wanda shi ne ke kula da shirin. Daga baya aka tabbatar a kotu cewa an yi ta ba shi toshiya, kowace sabuwar kyamara da aka kafa kuma akwai kamashon da ke biyo baya. A 2016 aka ɗaure shi shekara 10. Ita ma shugabar kamfanin a Amurka, Karen Finley, ta amsa laifi aka ɗaure ta.

Jaridar ba ta tsaya nan ba. Ta yi amfani da dokar jiharsu ta neman bayanan gwamnati, ta karɓo lissafin tara sama da miliyan 4, ta zauna ta bi su daki-daki. A 2014 ta buga abin da ta gano. Akwai kyamarorin da suka saba kama mutum kaɗan a rana, kwatsam sai su koma kama mutane da yawa na wasu kwanaki ko makonni, sannan su koma yadda suke, ba tare da hukuma ta iya ba da gamsasshen bayani ba. A wannan shekarar aka sake gano wani abu. Ƙa'ida ita ce fitilar ruwan ɗorawa, wadda ke gargaɗi kafin ja, ta daɗe aƙalla sakan 3. Sai birnin ya yarda a ci tara ko da fitilar ta ɗan gaza sakan 3. Wannan ɗan abu da ido ba ya iya gani ya haifi tara kusan 77,000. A 2017 kuma birnin ya amince ya biya dala miliyan 38.75 domin sasanta ƙarar da direbobi suka kai, saboda bai ba su sanarwar da dokarsa ta tanada ba kafin ya yanke musu hukunci. Irin waɗannan koke-koke sun taimaka wajen sa Jihar Tekzas ta haramta kyamarorin danja a 2019.

Akwai kuma labarin Faguson, wani ƙaramin gari mai mutane kusan 21,000 a Jihar Mizuri. A watan Maris 2015 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fitar da rahoto cewa garin ya mai da 'yan sandansa da kotunsa masu tara masa kuɗi. An samu wasiƙar da mai kula da kuɗin garin ya rubuta wa shugaban 'yan sanda a 2010 yana neman a ƙara yawan rubuta tara domin cike giɓin kasafi. A kasafin 2015 garin ya sa ran kusan kashi 23 cikin 100 na kuɗinsa daga tara da kuɗin kotu. Baƙar fata su ne kashi 67 cikin 100 na mazauna garin, amma su ne kashi 85 na waɗanda ake tsayarwa a hanya. Duk inda aka mai da tara abin dogaro, nauyinta a kan marar gata yake sauka, wanda ba shi da babban mutumin da zai buga wa waya.

Mu lura da abu ɗaya a labaran nan biyu. Shekara da shekaru direbobi suna gunaguni, ana ce musu masu laifi ne ke neman mafaka. Abin da ya sauya zance shi ne takarda: kwangila, lissafin tara, wasiƙun ofis. Da aka buɗe su, gardama ta ƙare. Gani ya kori ji.

Mu dawo gida. Duk wanda ya san Kano ya san KAROTA ta kawo tsari a mahaɗun da a da ake kwana a cunkoso, bai kamata a hana ta wannan yabo ba. Amma hukumar da ke kama mai laifi ita ce kuma aka ɗora wa karɓar wasu kuɗaɗe daga masu abin hawa, nan ne rigima ke tasowa. A watan Fabrairu 2021 masu adaidaita sahu suka yi yajin aiki a kan harajin naira 100 na kullum. A watan Janairu 2022 suka sake ajiye aiki a kan naira 8,000 na sabunta izini, gari ya tsaya, ɗalibai da ma'aikata da marasa lafiya suka taka da ƙafa, har aka sasanta a kan naira 5,000. Mafi yawan gardamar a kan nawa za a biya take. A ganinmu tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce, nawa aka karɓa gaba ɗaya, wane asusu ya shiga, me aka yi da shi? Mutum yakan jure biya in ya ga inda kuɗinsa ya tafi.

Akwai kuma tambayar ikon cin tarar kansa. A watan Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa jami'an duba ababen hawa na birnin tarayya, waɗanda muke kira 'yan bi-ai-o, ba su da ikon tsayar da mota ko ƙwace ta ko cin direba tara, domin babu dokar da ta ba su wannan iko. Shekaru nawa aka yi ana biya kafin wani ya tambaya? Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a sashe na 36 ba za a hukunta kowa ba sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka, ya kuma ba kowa damar a saurare shi. A sashe na 120 ya ce kuɗin da jiha ta karɓa su shiga asusunta na bai-ɗaya. Watau kowace tara ya kamata ta kasance tana da doka a bayanta da asusu a gabanta.

Kyamara kanta ma ta taɓa cin kuɗin ƙasar nan. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 domin tsarin sadarwar tsaro wanda ya haɗa da kyamarori a titunan Abuja, mafi yawan kuɗin kuma bashi ne daga Sin. Ba a daɗe ba aka ga yawancin kyamarorin ba sa aiki. Ƙungiyar SERAP ta nemi bayani ƙarƙashin dokar samun bayanai, da ba ta samu abin da ta nema ba ta garzaya kotu, a watan Mayu 2023 kuma kotu ta umarci gwamnati ta bayyana yadda aka kashe kuɗin da sunayen kamfanonin da aka biya. Shekara 13 ke nan bayan kwangila. Da tun farko aka tambaya, da ba a kai ga haka ba.

A nan wajenmu abin da muke gani kullum shi ne kuɗin tasha, kuɗin kasuwa, kuɗin kara na dabbobi, da shingen kan hanya. Tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, saboda haka karɓar kuɗi a Goronyo ko Achida ba laifi ba ne in an bi doka. Amma tun 1998 aka yi dokar da ta jera irin harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a hanya domin karɓar haraji. Duk da haka, lokacin da dillalan abinci da shanu suka dakatar da kai kaya kudu a farkon 2021, yawan shingaye da karɓe-karɓe a hanya yana cikin koke-kokensu. Wannan ciwo tsoho ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓe-karɓen zalunci a kasuwa cikin laifofin sarakunan zamaninsa, ɗansa Muhammadu Bello kuma a nan Wurno yake kwance.

Mu mutanen gabashin Sakkwato mun san wani abu kuma da mutumin Legas bai sani ba. Mun ga shekarun da 'yan bindiga ke aza wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi, su ci gari tara in sun ga dama. Ba mu daidaita hukuma da su ba, Allah ya sawwaƙe. Abin da ya raba su kuwa shi ne hukuma tana karɓa bisa doka, tana ba da rasit, tana kuma ba da lissafi in an tambaya. Duk ofishin da ke riƙe da waɗannan uku yana ƙarfafa amanar da ke tsakanin talaka da gwamnati, a daidai lokacin da ake matuƙar bukatarta.

To, wace hanya muke da ita ta tambaya? Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai. An fara gabatar da ƙudurinta a majalisa a 1999, ta kai teburin Shugaba Obasanjo a 2007 bai sa hannu ba, sai a ranar 28 ga Mayu 2011 Shugaba Jonathan ya sa mata hannu. Ga abin da ta ƙunsa a taƙaice. Kowane mutum yana da ikon neman takarda ko bayanin da ke hannun ofishin gwamnati, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ofishin yana da kwana 7 ya ba da amsa, yana iya ƙara wasu kwana 7 in takardun suna da yawa. In zai hana, dole ya rubuta dalili ya nuna sashen dokar da ya dogara da shi. In ya yi shiru, doka ta ɗauke shi ya hana. Mai nema yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu, a kotun kuma ofishin ne zai tabbatar yana da ikon hanawa. Wanda aka samu ya hana ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 na jiransa. Jami'in da ya lalata takarda ko ya sauya ta domin ɓoye gaskiya, ɗaurin aƙalla shekara 1.

Akwai abu uku a dokar da suka shafe mu ƙwarai. Na fari, wanda bai iya karatu da rubutu ba yana iya sa wani ya nema masa, in ma ya je ya faɗa da baki, wajibi ne jami'in ya rubuta masa ya ba shi kwafi. Na biyu, ba a biyan komai sai kuɗin kwafe takarda. Na uku, dokar ta haɗa har da kamfanoni masu zaman kansu da ke amfani da kuɗin jama'a ko suke yin aikin gwamnati. Ɗan kwangilar da aka ba karɓar kuɗin tasha ko kula da kyamara ba zai fake da cewa shi ɗan kasuwa ne ba.

Shekaru da yawa jihohi suna cewa wannan dokar tarayya ce, ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta amince da ita. Wannan hujja ta faɗi. Wasu 'yan ƙasa a Jihar Edo sun nemi lissafin hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jiharsu a 2014, aka hana su, suka bi shari'ar tun daga ƙasa har sama. A ranar 11 ga Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kowane mataki na gwamnati. Saboda haka ta hau Jihar Sakkwato da ƙananan hukumominta 23. Kafin wannan, a watan Yuli 2024, kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa. In kuɗi zai sauko kusa da mu, tambaya ma ya kamata ta sauko.

Kada wani ya ce buɗe littafi baƙon abu ne da ba zai yiwu a nan ba. Tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a jaridu duk wata. A Kano, a wa'adin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na 2011 zuwa 2015, an riƙa buga abin da majalisar zartarwa ta amince da shi a jaridu, har da kuɗin kwangiloli. Sama ba ta faɗo ba. Abin da aka iya yi da biliyoyi, ana iya yin sa da kuɗin tasha a kan allo a bakin sakateriya.

Ga tambayoyin da muke ganin ya kamata a yi wa duk hukumar da ke cin tara ko karɓar kuɗi a hanya, da kyamara ko babu kyamara. Na ɗaya, wace doka ce ta ba ku iko, kuma nawa ta ce a biya a kan kowane laifi? Na biyu, nawa kuka karɓa kowane wata a shekarar da ta wuce, wane asusu ya shiga? Na uku, an sa wa jami'anku adadin da za su kawo, ko ana ba su kaso daga abin da suka kama? Na huɗu, akwai kamfani ko ɗan kwangila a ciki? In akwai, muna son kwafin kwangilar. Na biyar, wanda aka ci tara bisa kuskure ina zai kai kuka, mutum nawa suka kai, nawa aka wanke? In kuwa ranar kyamara ta zo, a ƙara da waɗannan: haɗurra nawa aka yi a mahaɗar kafin a kafa ta da bayan an kafa, sakan nawa fitilar gargaɗi ke yi, wa ke da ikon sauya shi, wa ke gwada na'urar, wa ke ajiye hotunan mutane, har tsawon wane lokaci? Akwai kuma matsalar da ta fi damun mutanen karkara. Da yawa muna sayen babur ko mota hannu da hannu ba a sauya suna a takarda ba. Kyamara lamba ta sani. Mai sayarwa na iya samun tarar laifin da bai yi ba, mai saye na iya gadon bashin da bai ci ba. Tun yanzu kowa ya gyara takardunsa.

Mun san abin da za a ce. Wani zai ce gwamnati tana bukatar kuɗi. Gaskiya ne, hanyar Sakkwato zuwa Goronyo ba za ta gyara kanta ba, malami da ma'aikacin asibiti suna jiran albashi. Amma hanyar neman kuɗi ita ce harajin da majalisa ta zauna ta amince da shi a fili, kowa ya san rabonsa. Tara kuma a bar ta ta yi aikin hukunci. Shawararmu ita ce a ware abin da ta kawo a gyaran hanya da zanen titi da agajin waɗanda haɗari ya rutsa da su, kada a haɗa ta da albashin masu cin ta. Wani zai ce lokacin rashin tsaro ba lokacin tone-tone ba ne. Dokar kanta ta keɓe bayanan tsaro da sirrin mutane, mu ma ba su muke nema ba. Jimillar kuɗin tasha ba sirrin soja ba ce. Wani kuma zai ce mu ƙalilan ne, ɗaga kai zai jawo mana ido. Wannan tsoro ba na banza ba ne, shi ya sa ba mu ce kowa ya tafi shi kaɗai ba. Direban da ake tsayarwa a hanya ba a tambayarsa inda yake sujada. Damuwa ce ta gari duka, da maƙwabtanmu Musulmi za mu yi ta, da ƙungiyar direbobi, da shugabannin kasuwa, da masu sayar da albasa.

Yadda za a yi kuwa ba wuya. A fara da rasit. Duk abin da aka karɓa a hannunka, ka roƙi rasit cikin ladabi, ka duba sunan hukuma da kwanan wata da lamba, ka adana. Malaman makaranta da tsofaffin ma'aikata da ke cikinmu su taimaki waɗanda ba su iya rubutu ba. Wasiƙar ta zama gajera, tambaya biyu ko uku, a ambaci dokar 2011, a faɗi watannin da ake neman lissafinsu, babu zagi, babu zargin kowa. A yi kwafi biyu, a kai ɗaya ofis, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan a dawo da shi. Yana da kyau a sanar da mai gari da uban ƙasa da kansila, domin kada su ji labari a bakin wani. A ƙirga kwanaki. In an yi shiru, a tuna musu a rubuce, sannan a nemi shawarar lauya ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Sakkwato. In an ba da amsa, a karanta ta a taron ƙungiya, a gode wa jami'in da ya bayar. Akwai ma'aikata masu gaskiya da yawa a ofisoshin nan, tambayarmu kariya ce gare su, gama wanda littafinsa ke buɗe ba a iya ɗora masa laifin wani.

Mu ma akwai namu nauyin. Wanda zai tambayi hukuma lissafi, ya zama yana da lasisi, yana tsayawa inda aka ce a tsaya, ba ya lodin da ya wuce kima, ba ya miƙa na goro domin a ƙyale shi. In mun yi laifi mu biya a inda doka ta ce, mu karɓi rasit. Muna kira ga majalisar dokokin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Rabah su riƙa liƙa jerin kuɗaɗen da doka ta yarda a karɓa a kowace tasha da kasuwa, da Hausa, da boko da ajami, su kuma riƙa bayyana abin da aka tara duk wata uku ba sai an roƙa ba. Allah ya ba shugabanninmu hikima da riƙon amana, ya kiyaye masu tafiya a hanya, ya dawo mana da salama a ƙasarmu. Amin.